Tambaya da Amsa: Zafin rana yana ƙara wa injin jirgi ƙarfi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni makaniken taraktoci ne daga Maiurno nan jihar Sennar a Sudan. Da can kafin yaƙin nan muna ganin ƙananan jiragen da ke feshin auduga a gonakin Jazira, kullum da sassafe suke tashi, to shine wani abokin aikina yake cewa wai ai da rana tsaka inji ya fi gudu tunda allurar da ke nuna saurin juyin inji ma tana ɗan hawa, ni kuma nace ƙarfi raguwa yake. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mana zaman lafiya a Sudan. Kai ke da gaskiya, amma shima abokin naka idonsa bai yaudare shi ba, allurar kan ɗan hau ɗin.

Ka ga iska in ta yi zafi buɗewa take, ta yi shara-shara. Ma'aunin da masu ƙera jirage ke lissafi da shi digiri 15 ne a gaɓar teku, to in aka kai 45, wanda ku a watan Mayu ba baƙon abu ba ne, kaurin iskar ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Kai makanike ne ka sani, mai ba ya ci sai da iska, in iskar da ke shiga silinda ta yi ƙaranci ƙarfi ya sauka kenan, wajen kashi 1 a duk ƙarin digiri 6, kuma man ya kan yi wa iskar yawa har sai matuƙi ya ɗan rage shi da hannunsa in ba haka ba fulogi su yi baƙi.

To me ya sa allurar ke hawa? Farfela ce ta samu sauƙi. Muciya a cikin kunu mai ruwa-ruwa ai ta fi saurin juyawa a kan cikin tuwo, ba don hannu ya ƙara ƙarfi ba. A jirage irin su Cessna 172 da farfelarsu a kafe take ba a sauya mata kwana, in an ba su totur gaba ɗaya a ƙasa suna juyi wajen 2,300 zuwa 2,400 a minti, ranar zafi sai ka ga ya ɗan ɗaga saboda nauyin da ke kan farfelar ya ragu fiye da yadda ƙarfin injin ya ragu. Amma iskar da take turawa baya ba ta da kauri, jan ya ragu. Masu farfela mai daidaita kanta kuwa allurar ko motsi ba ta yi.

Nan fa haɗarin yake, kuma wallahi ba abin wasa ba ne. Fiffike ma iskar yake takawa, dole jirgi ya ƙara gudu kafin ya ɗaga, ga tankin magani cike, ga filin ƙasa ne gajere da bishiyoyi a ƙarshensa. Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, tudunta wajen mita 400 ne kacal sama da teku, amma a zafin digiri 45 jirgi ji yake kamar daga tudun mita 1,600 zai tashi. Matuƙin da ya dogara da allura kawai yana iya cinye filin tayoyi ba su bar ƙasa ba.

Tashin sassafen kuma harda maganar feshin kansa, lokacin iska a kwance take, maganin ba ya bushewa a sama ko ya tafi gonar wani.