Hajiyarmu ta samu gyambon kwanciya, ya za mu yi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti Nas. Mahaifiyarmu ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, tun bayan sallah take kwance, yanzu wani ciwo ya fito mata a ƙasan baya wajen ƙugu har ya fara ruwa. Maƙociyarmu ta ce mu fasa kafso mu barbaɗa a kai, mu yi? Daga wata 'yar uwa a Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Dan Allah kar ku barbaɗa komai, ko kafso ko toka ko hoda, sipirit ma ƙona naman da ke tsirowa yake.

Kin ga wannan ciwon nauyin jiki ne ke kawo shi, ƙashi ya danne fata a kan katifa jini ya kasa kaiwa wajen sai naman ya fara mutuwa, shi ya sa duk maganin da za ku saya in ba a ɗauke nauyin daga kan gyambon ba wallahi asarar kuɗi ce. A dinga juya ta duk bayan awa 2, har da dare, ku raba kwanan tsakaninku kar a bar wa mutum ɗaya. A kwantar da ita a ɗan karkace a tokare bayanta da filo, wani filon tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai tashi daga katifa. A ɗaga ta da zani mutum biyu, ban da jan ta a kan katifa.

Ga zafin Kano kuma, gumi da fitsari su ke jiƙa fata ta saluɓe, don haka famfas ya jiƙe a canza nan take, kuma kar ta kwanta kan leda ba zani. Kullum ku duba kwatangwalo da kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, sai dai wajen ya ƙara duhu ko ya yi tauri da ɗumi. Kar a murza shi.

Wankin ciwon da ruwan nomal salin ne, wato ruwan gishirin asibiti, a rufe da gozi mai tsabta, wato farin ƙyallen rufe ciwo, amma tunda har ya buɗe a samu nas ta gani ta nuna muku diresin. A ba ta ƙwai, wake, kifi, nono, a kuma gwada sugarta.

In kuka ji wari, ko mugunya, ko naman ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya rufe ta, ku kai ta Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a ranar, don yana iya ci har ƙashi ko ya shiga jini.