Tambaya da Amsa: Barin wasiyya ga makarantar mishan

Wata uwa daga Kafanchan, nas ce da ta yi ritaya, ta rubuto cewa Sistoci, wato matan da suka keɓe kansu ga hidimar cocin Katolika, su ne suka ɗauke ta karatu lokacin da mahaifinta ba shi da ko sisi. Tana son bar wa makarantar Katolika ɗaya daga cikin gidajenta biyu, amma tana tsoron 'ya'yanta su ƙullace ta, kuma an ce mata rubuta wasiyya kiran mutuwa ne.

Mama, ki kwantar da hankalinki. Takarda ba ta taɓa kashe kowa ba, kuma niyyarki mai kyau ce. Amma ki fara da gida. Ki tara 'ya'yan, ki faɗa musu da bakinki tun kina da ƙarfi, kada su fara jin labarin daga bakin lauya ana zaman makoki. In akwai jika ko 'yar riƙo da ke ci a hannunki, a fitar da nasu kafin na makaranta.

Daga nan sai lauya. Ki sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa nasu a gabanki. Kada wanda zai amfana da wasiyyar, ko mijinta ko matarsa, ya zama shaida, don rabonsa zai iya faɗuwa. A ajiye takardar a rajistarar wasiyya ta Babbar Kotun jiha, ba a ƙarƙashin katifa ba.

Abu uku nake so ki matsa wa lauyan a kai. Ki je ofishin Bishop ki karɓo cikakken sunan amintattun dayosis (yankin cocin da Bishop ke kula da shi) ko na ƙungiyar Sistocin kamar yadda aka yi rajistarsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, shi za a rubuta. Sannan a ƙara layi guda: in makarantar ta rufe ko ta sauya hannu, dukiyar ta koma wata makarantar dayosis ɗin. Ke shaida ce, Mama. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina. Ki kuma ba su damar sayar da gidan in sun ga dama. Shugabar makaranta ba ta da lokacin bin 'yan haya, ga jelen neman amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta tanada kafin a sauya suna a takardar mallaka.

Wani ɗan kasuwa daga Jos yana tambaya, a wasiyyar da zai bar wa makaranta, ko ya rubuta naira miliyan 5 ne ko kaso. Kaso, malam. Kafin ƙarshen Mayun 2023 farashin gwamnati na litar mai bai kai naira 200 ba, ka san nawa ka sha jiya. Miliyan biyar ɗin da yau za ta yi rufin aji, nan da shekara ashirin wataƙila kujeru kawai za ta saya. Ka ce kashi kaza cikin ɗari na abin da ya rage bayan an biya bashi.

Sai wani malamin firamare daga Zariya. An sa shi a dandalin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ana tara kuɗin gidauniyar tallafin karatu, an ce a tura asusun ma'aji, har ana kwaɗaita wa mutane su yi alkawarin filayensu. Ya tura?

Kada ka tura. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da zai yi rabin awa yana taya buhun masara, ya soka hannu har ƙasa ya ga ko da ƙwari, shi ne zai tura albashin wata guda zuwa asusun wani mai suna da sunan uba, don kawai an liƙa hoton tsohon Fada, limamin Katolika, a saman saƙon. Ni ma an taɓa ci na. Muka tara kuɗin gyaran ɗakin kwanan ɗalibai, aka turo mana hoton buhunan siminti shida jingine da bango, muka yi ta tura alamar tafi. Da na je bayan damina, bangon na nan, simintin babu, ma'ajin kuma ya sauya lamba. Ba ko da yaushe ɓarawo ne ba. Wani mutumin kirki ne, rashin lafiya ta same shi ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa. Wani ya rasu, banki ya rufe asusun, kuɗin makaranta ya shiga cikin gado, 'yan'uwa suka ce ba su san zancen ba, kuma a gaban kotu da gaskiyarsu. Haka ma wanda zai ce ka rubuta fili da sunan Fada wane. Ana yi wa Fada canjin wuri, shi ma yana da dangi a ƙauye. Asusun da ba sunan makaranta ko na dayosis a kansa, babu rasit mai hatimi, babu mutum biyu masu sa hannu, ka riƙe kuɗinka. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin mai kula da kuɗin makarantar ka tambaya ko sun san da gidauniyar. Kuɗin mota kawai za ka kashe.

Wani kuma yana tambaya, in ya yi wa makaranta alkawarin shagonsa a wasiyya, za su yafe wa ɗansa kuɗin zangon nan? Haba malam. Kana nan da ranka garau, shagon na hannunka, gobe ma kana iya yage takardar. Je ka biya kuɗin makarantar yaro.