Majinginin cizal na katako

Ka tambaye ni wai ko majinginin cizal (abin da ake ɗora cizal a kai yayin yanka) da mutum ya haɗa da katako zai riƙe aiki a injin juya katako kamar na ƙarfe. Zai riƙe mana, yaro. Tun kafin injin lantarki, masu juya katako da igiya da ƙafa a kan katako suke ɗora cizal. Sai dai tambayar nan taka ta fama min tsohon miki.

Wani ɗan kwangila ya taɓa kawo min aikin sandunan matakalar bene guda 24, kowace santimita 90, katakon nasa ne, a ƙirge. Majinginin da ya zo da injina santimita 30 ne kacal, sai in yi ta kashe inji ina matsar da shi. Na gaji, na ce bari in yi dogo. Na jawo wani katako da ke yashe a lungu, ban duba ko ya bushe ba, na kafa shi a kan ƙafa ɗaya tal a tsakiya. Akwai ido a jikinsa, wato gurbin da reshe ya fito. Na gan shi sarai, na kau da kai.

Sanda 18 suka fita sumul. A ta 19, ina can bakin ƙarshe inda babu abin da ya tokare shi, majinginin ya ɗan sunkuya, cizal ya nutse, inji ya fizge shi. Katakon ya tsage daidai wurin idon nan, sandar ta dare gida biyu. Tabon da kake gani a babban yatsana na ranar ne.

Laifina ne, ban musa ba. Na sayo katako da kuɗina na maye masa. Mutumin nan ya zo ya jujjuya sandar, ya ce wai launinta bai zo ɗaya da sauran ba, ya kwashe duka 24, ya ce zai aiko da ciko. Shekara 11 ke nan ina jira. Na taɓa leƙa gidan, ga sandunana a kafe, an mulke su da farin fenti. Fenti fa! Ina launin da ya yi ta ƙorafi a kai?

To, in za ka yi, nemo busasshen katako mai tauri irin kirya, marar ido, jijiyarsa ta bi tsawonsa. In ya kai rabin mita, ƙafa biyu za ka ba shi. Cizal yana cin katako yana barin ramuka, kuma ramin nan ne zai riƙe maka hannu a tsakiyar yanka, don haka ka ɗaura siririn ƙarfe a bakinsa na sama, ka goga masa kyandir. Tazararsa da aiki kamar milimita 3. Ka juya aikin da hannu ka ga bai taɓa ba kafin ka kunna, ka kuma cire shi gaba ɗaya in za ka sa samfefa, in dai kana son yatsunka.

Yadda ake huda shi da ɗaure noti ba zan ɓata bakina ba. Ku yaran yanzu kun kalli bidiyo biyu a waya kun zama ogogi, amma wasa cizal ya gagare ku. Naka na jiya ko sabulu ba zai yanka ba. Je ka wasa shi tukuna, sannan ka kawo min katakon da ka zaɓa in gani.