Amsa ga mai tambaya kan falet ɗin da suka cika masa sito

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta tambayarka, inda ka ce falet ɗin katako da ake kawo maka kaya a kansu daga Legas sun taru har sun cinye maka kusurwa guda a sito, kana neman shawara ko ka sayar wa masu itacen girki ko ka gyara su, da kuma ko za su yi maka amfani idan ka fara tura zoɓo ƙasashen waje. Na daɗe ina kula da sito a unguwar masana'antu ta Sharada a Kano, saboda haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka.

Kada ka sayar da ko ɗaya kafin ka sa leburori su baje su a fili, domin ba duk falet ɗin da ke sitonka ne mallakarka ba. Idan ka ga mai shuɗin fenti da tambarin CHEP, wannan na haya ne. Kamfanin ya samo asali ne a Ostireliya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tsarinsa shi ne yana ba da falet haya, ba ya sayarwa, don haka duk inda katakon ya je sunansa kayan kamfanin. Haka ma wasu masana'antun gida suna shafa wa nasu fenti ko su rubuta suna, suna sa ran a mayar musu kamar yadda dillalin lemo yake mayar da kiret da kwalabe. Ka ware waɗannan gefe guda, ka kira wanda ya aiko maka da kayan ka ji matsayinsu.

Bayan haka sai ka duba hatimin da aka ƙona a jikin gungumen katakon da ke tsakanin falankan sama da na ƙasa. Za ka ga alama mai kama da zangarniyar alkama, da haruffa biyu na ƙasar da aka yi aikin, da lambar wanda ya yi shi, sannan HT ko MB. Wannan ƙa'idar duniya ce da ake kira ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 domin hana ƙwarin itace bin katako daga wata ƙasa zuwa wata. HT na nufin an gasa katakon har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30 aƙalla. MB kuwa na nufin an yi masa hayaƙin guba mai suna methyl bromide, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2010. Ni dai ba na yarda mai alamar MB ya tafi gidan burodi ko wurin mai tsire, haka nan duk wanda na ga tabon mai ko sinadari a jikinsa, ko da hatiminsa HT ne, tunda ba wanda ya san abin da ya zube masa a hanya.

Girma ma yana da muhimmanci, kuma a nan mutane da yawa suke asara ba su sani ba. Na Turai mai tambarin EPAL milimita 1200 ne da 800, an haɗa shi da falanki 11 da gungume 9 da ƙusa 78, kuma an yi shi ne ya ɗauki kilo 1500. Na Amurka inci 48 ne da 40, akwai kuma mai milimita 1200 da 1000. Idan ka cakuɗa su a lodi ɗaya za ka bar gurbi a cikin mota, kayan su riƙa girgiza har buhunan gefe su goge su yage. Mai saye ma ya fi ba da kuɗi mai kyau idan ka nuna masa jeri guda mai girma ɗaya, maimakon tsibin da sai ya zauna ya tsince.

Game da gyara, ƙa'idar da muke bi ba ta da wuya. Wanda falanki ɗaya ko biyu suka karye a samansa, ko ƙusa ta ɗago, kafinta zai gyara shi nan take da katakon da aka ɓalle daga waɗanda suka mutu, ba sai an sayi sabo ba. Wanda gungumensa ya tsage, ko ya karkace har ba ya zama daidai a kan siminti, ko gara ta shige shi, ba na ɓata kuɗi a kansa. Ka sa a juya kowanne a duba ƙasansa, domin a can ne haƙoran motar ɗaga kaya suke cin katako, kuma daga sama ba za ka gani ba. Na taɓa ganin falet mai kyan fuska ya buɗe a sama da buhunan sukari a kansa, Allah ya kiyaye babu kowa a ƙarƙashi, kuma da muka duba sai muka tarar falankin ƙasa ne ya daɗe da rabuwa da ƙusarsa.

Amma inda kuɗin yake na gaske shi ne dawo da falet bayan ya fita. Akwai shekarar da muka riƙa ɗora wa dillalanmu kaya a kan falet ba tare da rubutawa ba, muna ganin ai katako ne kawai, sai da damina ta zo muna neman abin da za mu ɗaga kaya daga ƙasa muka ga babu, ga shi kuma na hango namu da fentinmu an mayar da su teburin mai shayi a bakin wata tasha. Daga ranar muka ƙara layi a takardar kaya: falet nawa suka fita, nawa suka dawo, direba ya sa hannu, kuma dillali ya ajiye kuɗin jingina da za a mayar masa idan ya kawo. An yi ƙorafi na ɗan lokaci, daga baya kowa ya saba. Sai dai wannan tsari ya fi tafiya a kusa, kamar tsakanin Kano da Zariya ko Katsina, inda motarka za ta dawo babu kaya. Mayar da falet zalla zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1000, ba ya biyan kuɗin mota, tunda tirelar da ta kawo kaya tana da hatsi ko albasa da za ta sauka da su.

Batun zoɓo kuwa, ka fara tambayar mai sayenka ko yana son falet, domin yawancin masu fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau buhu suke jerawa kai tsaye a cikin kwantena, saboda falet yana cin wuri. Idan ya ce yana so, to ka sani cewa da zarar kafintanka ya buga ɗanyen falanki a jikin mai hatimin HT, hatimin ya tashi aiki, kuma idan abin da aka canja ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ƙa'ida ta ce a sake gasa shi gaba ɗaya a buga sabon hatimi. Hukumar NAQS, mai binciken lafiyar kayan gona da ke shiga da fita ƙasa, ita ce ke kula da wannan a Najeriya, kuma gara ka je wurinsu kafin lodi, domin ƙasar da kayan suka isa tana da ikon tsare kwantenar ko ta mayar da ita saboda katako kaɗai. Falet ɗin roba ba ya cikin wannan ƙa'ida, sai dai ya fi tsada, kuma wanda ya tafi waje ba dawowa zai yi ba. Shawarata ita ce gyararrun su tsaya a aikin cikin gida.

Waɗanda ka zaɓa ka jera su a kan siminti a ƙarƙashin rumfa, nesa da bango da wayar lantarki da janareta, domin busasshen falet a lokacin hunturu ba ya jinkirin kama wuta, a damina kuma fumfuna ce ke bin wanda aka bari a ƙasa. Matattun kuwa ka fara nuna wa kafintoci da masu kiwon kaji kafin masu itace, don su sun fi taya su da daraja, suna yin benci da akurki da su. Ƙusoshin da aka zare ka sa a tara a bokiti, 'yan gwangwan suna saye a kan kilo.