Shugaban makaranta ya hana ki zuwa liyafa da budurwarki: kafin ki tafi kotu

'Yata, kin ce kina ajin ƙarshe na sakandare a Amurka, shugaban makaranta ya hana ki zuwa liyafar rawar ƙarshen shekara tare da budurwarki, ya kuma ce ba za ki sa kwat ranar bikin yaye ɗalibai ba. Kin ɗauka tsarin mulki zai tilasta masa nan take. Ki bi a hankali.

Ba ki faɗa mini ko makarantar ta gwamnati ce ba, alhali komai a nan ya rataya. 'Yancin faɗin albarkacin baki da ke tsarin mulkin Amurka hukuma yake ɗaurewa. Makarantar kuɗi galibi bai shafe ta ba, kuma idan ta addini ce tana iya samun togaciya daga dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana wariyar jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Dokar jiharku na iya ba ki kariya, ko ta ƙi.

Idan ta gwamnati ce, kina da hujja mai ƙarfi kan liyafar. A 1980 kotun tarayya a jihar Rhode Island ta ba wani ɗalibi namiji, Aaron Fricke, damar zuwa irin wannan liyafa da saurayi, ta ce tsoron hatsaniya bai isa dalilin hanawa ba. Amma hukuncin ƙaramar kotu ne, bai zama dole a kan alƙalin jiharku ba. A 2010 a jihar Misisifi, alƙali ya ce an tauye haƙƙin Constance McMillen, ɗalibar da aka hana zuwa liyafa da budurwarta, duk da haka bai umarci makarantar ta dawo da liyafar da ta soke ba. Sulhu aka yi daga baya kan dala 35,000, bayan daren ya riga ya wuce. Batun kwat ya fi rauni, domin kotuna kan bar wa makaranta ikon tsara bikinta.

Shugaban da ke hana abu da fatar baki yana ba ni haushi. Ki nemi ya rubuta dalilinsa, ki kai koke ga hukumar makarantun gundumar, ki nemi zaman sulhu. Sau da yawa wasiƙar lauya ɗaya ta isa.

Idan ba ki kai shekara 18 ba, yawanci sai da waliyyi za ki shigar da ƙara, kuma labarin na iya fita fili. Idan kina zuwa Najeriya, inda dokar 2014 ke hukunta alaƙar jinsi ɗaya, ki tattauna wannan da lauyan jiharku kafin ki sa hannu a kowace takarda.