Ku Tambaya Mu Amsa: Manyan Faɗace-faɗacen Ƙarshen Baldur's Gate 3

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan wasa ɗaya suka zo, wato Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023. Kukan ma iri ɗaya ne: an shiga babi na uku, an iso birni, sai abokan gaba suka gagari tawaga. Wanda bai kawo nan ba, kuma ba ya son a ɓata masa labari, ya tsallake shafin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Tawagata ta kai mataki na 12, amma duk bos ɗin da na tunkara sai ya shafe mu cikin zagaye uku. Ina da Fighter, Cleric, Wizard da Rogue. Ko tawagar ce ba ta yi ba? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Tawagarka ba ta da laifi, malam. Mataki na 12 shi ne ƙurewa a wasan nan, daga nan sai abin da shiri ya ba ka.

Fara da duba wa ke riga wani bugu. Wasan yana jefa ƙwaya mai fuska huɗu kacal, ya haɗa da ƙarin Dexterity, sannan ya jera mutane. Tunda ƙwayar ƙarama ce, maki 5 da baiwar Alert ke ƙarawa kusan kullum yana kai mutum sahun gaba. Je wurin Withers, gawar nan mai magana da ke sansani, zinariya 100 yake karɓa ya sake maka zubin mutum daga tushe. Wanda ba ka son kashe masa gurbin baiwa, ba shi tsimin Vigilance, shi ma maki 5 ne. Sai dai jiki tsimi ɗaya yake ɗauka. Ka sha na biyu, na farko ya tafi.

Sai yawan bugu. Fighter daga mataki na 11 sara uku yake yi a aiki ɗaya. Da Action Surge shida ke nan, da sihirin Haste kuma tara a zagaye guda, in dai ba a Honour, matakin wahala mafi tsanani, kake ba, inda ƙarin aikin Haste sara ɗaya kawai yake bayarwa. Amma Haste yana da ƙaya. Wanda ya jefa shi dole ya ci gaba da riƙe shi, kuma duk dukan da ya sha sai ya jefa ƙwaya: ko ya kai 10, ko rabin ɓarnar da aka yi masa, duk wanda ya fi yawa. Dukan 40 yana neman 20. In riƙon ya kuɓuce, Fighter ɗinka zai sandare zagaye guda cur a gaban bos, kuma yawanci nan ake rasa faɗan. Saboda haka mai riƙon ya samu baiwar War Caster, kuma da ya jefa sihirin ya ɓuya bayan ginshiƙi. Ko ka huta da wannan duka ka yi amfani da kwalbar Speed, mai aikin zagaye uku ba tare da riƙo ba. Ka tara mutanenka kafaɗa da kafaɗa ka fasa ta a tsakiyarsu, sai ta kama fiye da mutum ɗaya. Ka dai ƙirga, don ita ma in ta ƙare akwai sandarewar.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne shirin safe. Ɗauki sojan haya wurin Withers, ka mai da shi Cleric, ka shigo da shi tawaga bayan dogon hutu. Ya jefa Heroes' Feast, mai ƙara jini 12 da hana tsoro da guba, ya jefa Aid da babban gurbin sihiri, ya sa wa mai riƙon sihiri Death Ward, sannan ka mai da shi sansani. Duk waɗannan suna nan har hutu na gaba, kuma Cleric ɗinka na faɗa bai taɓa gurbinsa ko ɗaya ba.

Tambaya: Raphael ya hana ni barci. Jininsa 666, ga 'yan korensa sun cika ɗaki. Paladin ɗina da nake taƙama da shi, da ya kai sara sai ya daskare. Mene ne sirrin? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Paladin ɗin naka shi ya jawo wa kansa. Raphael yana da martani na musamman ga duk wanda ya buge shi da ɓarnar haske, kuma Divine Smite haske ne tsantsa. Je ka jerin martanin Paladin ka rufe Divine Smite, ko ka sa wasan ya riƙa tambayarka kafin ya fita. Wuta ma kada ka ɓata gurbi a kanta, ba ta cin sa.

Faɗan nan tun kafin a shiga zauren ake cin rabinsa. A ɗakin adana kaya na gidan Raphael akwai safar hannu mai kai ƙarfi 23, da laya mai kai Constitution 23 wadda kuma ke ba da damar jifa biyu wajen riƙon sihiri. Layar ta mai riƙe Haste ce, babu jayayya. A ɗakin wanka kuma akwai famfo mai mayar da jini da guraben sihiri kamar an yi dogon hutu. Bayan ka kwance Hope, wadda Raphael ya tsare a kurkuku, koma can ka cika kafin ka nufi ƙofar fita. Da yawa suna zuwa wurin Raphael da ragowar ƙarfin da suka fito da shi daga kurkuku, alhali famfo na nan kyauta.

In ya bayyana, za a ba ka damar jan Yurgir, babban shaiɗanin da ke tare da shi, zuwa ɓangarenka. Lallashin yana neman 30, ba wasa ba, don haka mai bakin tawaga ya yi maganar, da Guidance a jikinsa, kuma ka taho da makin Inspiration huɗu don sake jifa. In ya amince, ka rage maƙiyi babba, ka ƙara hannu.

Yanzu ginshiƙai huɗun nan da ke kusurwoyin zauren. Daga cikinsu Raphael ke zuƙar ƙarfi. Kowanne da ke tsaye yana ƙara masa zafin duka da wuyar samu. Makami mai dushi da ɓarnar Force su ke rusa su da sauri: gudumar Orphic da ka sato, Eldritch Blast, Magic Missile, da gangunan albarushi in ka tara su. Raba aiki. Mutum biyu su bi ginshiƙai, ɗaya ya hana cambion, wato 'yan koren nasa, taruwa a kan mai sihiri, Hope kuma ta tsaya kan warkarwa. Tana da Divine Intervention sau ɗaya. Kada ka ƙona shi a zagayen farko, ajiye shi sai mutum biyu sun faɗi.

Ga inda ake yawan mamaki. In ginshiƙan suka ƙare, yana rikiɗa zuwa babbar sifarsa, ya fara ruwan wutar da ba ruwanta da tsimin kariyar wuta. Kada ginshiƙi na ƙarshe ya faɗi alhali mutanenka suna cunkushe wuri ɗaya da rabin jini. Ko dai ku watse, ko ku shige cikin Globe of Invulnerability ku yi ta harbi daga ciki. Hold Monster yana kama shi in an dace, kuma duk saran kusa da aka yi wa kamamme ninki ne. A nan Fighter zai zazzage Action Surge ɗinsa. Sulken Helldusk da za ka cire daga gawarsa ya biya wahalar.

Tambaya: A House of Grief mutum wajen ashirin suka rufe ni, ko'ina duhu, kuma warkarwa ta ƙi aiki. Ko wasan ne ya lalace? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Lafiyarsa lau, 'yar'uwa. Bone Chill ne suke jefa miki, wanda ke hana jini dawowa har zagaye ya juyo. Duhun kuma Darkness ne, su da yawansu suna gani a ciki, ke ba kya gani.

Kuskuren shi ne tsayawa tsakiyar zaure. Bar mutum uku a saman matakala kusa da ƙofar shigowa, Shadowheart kaɗai ta sauka ta yi magana da Viconia, shugabar gidan, da faɗa ya ɓarke ta dawo da Misty Step. Sai ki toshe hanyar: Wall of Fire a kan matakala, ko Hunger of Hadar, ko Sleet Storm mai sa su zamewa, riƙon sihirinsu ya karye. Haka za su riƙa isowa biyu-biyu, a jigace, kamar awaki a ƙofar garke. Spirit Guardians yana da kyau a bakin ƙofar, amma zaɓi na Necrotic ko ki fara duba jikin maƙiyi. Masu ɗauke da Radiant Retort suna mayar da ɓarnar haske ninki biyu, Cleric ta kashe kanta da kanta. Counterspell kuma ki adana shi don manyan sihirai. In kika bi kowane Darkness da shi, guraben za su ƙare kafin Viconia ta motsa.

Tambaya: Duk dukan da na yi wa Orin, 1 nake gani. (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Unstoppable ke nan. Lamba ce a jikinta, kowane duka yana cire ɗaya, kuma sai ta ƙare ɓarna ke shiga. Saran da zai cire 60 da jifan da zai cire 3 duk ɗaya ne a wurinta, don haka da ƙananan duka ake farawa. Magic Missile kibiya uku ne a gurbi na 1, ana ƙara ɗaya a kowane gurbi, na 4 shida ke nan, kuma ba ya kuskure. Wizard ya fara, Fighter ya biyo baya. Masu waƙe-waƙen tsafi da ke kewaye da dandalin su ke sabunta mata lambar. Suna cikin Sanctuary, ba a iya nuna su kai tsaye, amma sihirin da ke cin fili yana samunsu, Thunderwave kuma yana watsa su rami.

Tambaya: Ansur yana tashi sama, zagaye na gaba kowa ya mutu. Ana tsira kuwa? (Mai karatu daga Garwa)

Amsa: Ana tsira. Tashin nan gargaɗi ne, ya ba ka zagaye ɗaya kafin ya saki Stormheart Nova. Hanya mafi tabbas ita ce Globe of Invulnerability, sihirin gurbi na 6 mai zagaye uku. Gurbi na 6 ɗaya tak mai sihiri ke da shi, shi ya sa ya fi kyau ka nemi takardarsa; leƙa shagon Sorcerous Sundries, kuma a wasan nan kowa na iya karanta takardar sihiri, har Fighter. In babu, ɓuya bayan duwatsun ƙarau da ke filin, ka tabbata dutsen na tsakaninka da shi sosai. Yana iya maimaitawa, kada ka shiga da dabara ɗaya.

Kowa ya sha tsimin kariyar lantarki kafin a taɓa gawar dodon, wato Ansur, don taɓawar ce ke tayar da shi. A kula da jiƙa: jiƙaƙƙen jiki ninki biyu lantarki ke ci, sai ya cinye amfanin tsimin. Dakarun ruwa biyun da ke tare da shi su ke kawo wannan matsala, a fara da su. Wizard mai ji da Chain Lightning ya haƙura yau, wannan dodon lantarki ne abincinsa.

Tambaya: Cazador ya ɗaure Astarion, kafin in isa an gama tsafin. Sannan a Iron Throne lokaci ba ya isa ta. (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Zagaye uku gare ka a wurin Cazador. Tura mai Misty Step ko Dimension Door kai tsaye wurin Astarion ya danna Help, shi ke nan an kwance shi. Cleric kuma ta jefa Daylight a tsakiyar dandali tun zagayen farko. Hasken yana ƙona Cazador kowane zagaye, yana kuma hana shi rikiɗa hazo ya tsere.

Iron Throne kuwa, kurkukun nan na ƙarƙashin teku, tsere ne na ceto fursunoni, wanda ya tsaya faɗa da sahuagin, dodannin ruwa, ya makara. Zagaye shida ne a matakin wahala na Balanced. Sa wa kowa Longstrider tun cikin jirgin da ya kawo ku, ba ya cin gurbi in ba a cikin faɗa ba, a sha kwalbar Speed, kowa ya kama lungu ɗaya. Kwance Omeluum da wuri, domin yana iya ɗaukar mutum ɗaya ya koma da shi jirgi nan take. Duke Ravengard jininsa kaɗan ne, ka warkar da shi kafin ya fito daga ɗakinsa. Kuma ka bi tsari: Iron Throne tukuna, sai masana'antar Steel Watch, sannan Gortash, wanda za ka tarar babu dakarun ƙarfen da ke tsaronsa.