Ga ƙanwata mai son karatun tausa a Kanada

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kina so ki zo Kanada ki karanci tausa, tunda kowa a gida ya shaida hannunki na da daɗi, har Hajiya ba ta yarda wani ya matsa mata ƙafa sai ke. Kin kuma tambaya ko da gaske ne ana samun kuɗi da wuri. Bari in wuce maganar takardu da sauri, don ba nan gizo ke saƙar ba.

A lardin Ontariyo tausa sana'ar lafiya ce, ƙarƙashin dokar 1991. Hukumar CMTO, mai kula da masu tausa a lardin, ita ke ba da lasisi, sai an ci jarrabawa biyu, ta rubutu da ta aiki a gaban masu dubawa. Karatun kan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Nemi kwalejin gwamnati, irin Humber a Toronto ko Algonquin a Ottawa, domin makarantu masu zaman kansu yawanci ba sa kai mutum ga takardar izinin aiki bayan ya gama. Tun 2024 an ƙayyade yawan bizar ɗalibai, kuma kuɗin zama da za ki nuna ya haura dalar Kanada 20,000, ban da kuɗin makaranta. Inshorar lafiya ta gwamnati ba ta biyan tausa, inshorar wurin aiki ce ke biya, shi ya sa da yawa daga masu zuwa ma'aikata ne masu irin wannan inshora. Kuɗi ana samu, amma sai kin tara masu dawowa, kuma ba ƙarfin hannu ke dawo da su ba.

Hajiya ta san ki tun kina zanen goyo, jikinta ya saki tun kafin ki taɓa ta. Wanda zai hau gadon tausarki a nan bai taɓa ganinki ba. Ya cire kaya, ya kwanta rubda ciki, fuskarsa cikin ramin matashi, ba ya ganin abin da kike yi. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, naman jikinsa ba zai kwanta ba. Za ki gani da idonki: kafaɗa ta tashi wajen kunne, numfashi ya tsaya a ƙirji, yatsun ƙafa sun lanƙwashe. Ki tambaye shi ko da zafi, ya ce babu, amma yatsun nan sun riga sun ba ki amsa. Sabon shiga sai ya ƙara danna, jikin kuwa ya ƙara ƙanƙamewa.

Dalilin yana cikin jijiyoyi. Akwai ɓangaren da ke shirya mutum ga faɗa ko gudu, yana ɗaga bugun zuciya yana ɗaure tsoka, akwai kuma ɓangaren hutu da narkar da abinci. Aikinki shi ne ki taimaka wa na biyun ya karɓi ragama. A 1965 Ronald Melzack na Jami'ar McGill da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon zafi yana bi ta wata ƙofa a lakar baya, taɓawa na iya rage buɗewarta, abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ma na iya buɗe ta ko rufe ta. Shi ya sa in kin buge gwiwa sai ki murza wurin. Shi ya sa kuma ciwon wuyan mai fargabar korar aiki ya fi na maƙwabcinsa tsanani, ko da likita bai ga bambanci ba. Ciwon na gaske ne, kada ki taɓa ce wa mutum tunani ne kawai.

Bakinki ma hannu ne. Na sha jin masu tausa suna cewa "kai, bayanka ya lalace", ko "ban taɓa ganin ƙulli irin wannan ba". Mutum zai tafi gida da tsoron sunkuyawa, ya dawo da ciwon da ya fi na da. Maganar wai tausa na fitar da guba daga jiki kuwa, ki bar wa 'yan talla. Ki faɗa masa wurin a ɗaure yake, kuma yakan saki.

Wani lokaci kina tsakar aiki sai ki ji jikin mace ya fara rawa, kuka take yi. Wata rasuwa aka yi mata, wata kuwa ta daɗe babu wanda ya taɓa ta da tausayi, don kaɗaici a ƙasar nan ba ƙarami ba ne. Tarbiyyarmu za ta sa ki ce "yi haƙuri, me ya faru?", ki shiga nasiha. Kada ki yi. Ki sassauta hannu, ki tambaya ko a tsaya ko a ci gaba, ki miƙa mata abin share hawaye, ki yi shiru. In ta buɗe baki ki saurara, amma ke ba likitan ƙwaƙwalwa ba ce, dokar ma ta ware wannan aiki ga masu shi. In abin ya yi nauyi ki nuna mata inda za ta je. Wasu kuma za su maida ki uwa ko aminiya, su nemi lambarki, su kawo kyauta. Ki yi fara'a, iyaka kuwa ta zauna inda take.

Neman izini a nan ba al'ada ba ce kawai, sharaɗi ne. Zanen gado yana rufe jiki duka, wurin da ake aiki a kai kaɗai ake buɗewa. Kafin ki taɓa ɗuwawu, ƙirji ko cikin cinya sai da izini a rubuce, kuma mutum na da ikon cewa a tsaya a kowane lokaci. Soyayya da wanda kike yi wa tausa kan ƙwace lasisi, ko da shi ya nema.

Saura abin da na san kin ji nauyin tambaya: maza. A makaranta ɗalibai junansu suke yi wa tausa, kuma a asibitin koyo duk wanda ya zo shi ne naki. Bayan lasisi kina iya neman wurin da mata suka fi yawa, kuma 'yan'uwa Musulmi daga Somaliya da Pakistan da ƙasashen Larabawa suna neman mace ido rufe. Amma shekarun karatu dabam ne. Kafin ki biya ko kwabo, rubuta wa kwalejin ki tambaye su wane sassauci suke yi kan addini, ki sa su amsa a rubuce. Sannan ki zauna da Baba ki faɗa masa yadda karatun yake dalla-dalla, kada ya ji daga bakin wani. Ki gaishe min da Hajiya.